Rijiya ko ɗakin bincike? Tambayar da Tumur take yi wa masu gidauniya

Duk lokacin da aka ji wata gidauniya ta ware kuɗi domin binciken lafiya, akan sami mai hankali ya tambaya: ina amfanin biyan masana su zauna ɗakin gwaje-gwaje suna leƙen madubi, alhali ga majinyata a kwance babu magani? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma babu inda nauyinta ya fi fitowa kamar gari irin Tumur, cikin gundumar Boso ta jahar Difa, inda dubban mutanen da rikicin Boko Haram ya koro tun daga shekarar 2015 suka taru bisa mazauna garin na asali, har ruwan sha da magani suka yi ƙaranci. A irin wannan wuri, kowane dala da aka kashe wajen neman ilmi, dala ne da ba a kashe shi ba wajen haƙa rijiya ko sayen ƙwayar magani. Saboda haka wajibi ne a auna maganar a ma'aunin adalci, a ga ko binciken lafiya haƙƙi ne na talaka, ko kuwa ƙawa ce ta waɗanda suka ƙoshi.

Wata uku babu suna

Abin da ya faru a Difa cikin shekarar 2017 ya isa ya zama mafarin amsa. Tun daga watan Janairu na wannan shekara, ma'aikatan Cibiyar Uwa da Yaro ta Difa suka lura da yawaitar mata masu juna biyu da ake kawowa idanunsu sun yi ɗorawa, ga zazzaɓi da amai, wasu har hankalinsu ya gushe, kuma da yawa daga cikinsu suna rasuwa. Bahaushe yana kiran wannan alama shawara, sai dai kalmar buhu ce mai ɗauke da cututtuka dabam-dabam waɗanda ido ba ya iya rarrabe su. Da fari an zargi zazzaɓin shawara da sauro yake yaɗawa. Da aka aika jinin majinyata zuwa Cibiyar Pasteur ta Dakar, sai aka tarar babu ko ɗaya cikin gwaji 29 na farko da ya nuna wannan cuta, amma 15 daga cikinsu sun nuna ciwon hanta nau'in E. Ranar 19 ga Afrilu, ministan lafiya ya bayyana ɓullar annobar, karo na farko ke nan da aka tabbatar da ita a Nijar. Zuwa farkon watan Mayu mutum 27 sun rasu, kusan dukkansu mata masu ciki, kuma kafin shekara ta ƙare waɗanda aka lissafa sun kamu sun kai kusan 2,000.

Mai karatu ya dubi bambancin da ke tsakanin sunayen nan biyu. In da zazzaɓin shawara ne, da yaƙin zai koma kan sauro da allurar rigakafin da aka daɗe da sani. Ciwon hanta nau'in E kuwa ta ruwan da najasa ta gurɓata yake shiga jikin mutum, yakan ɓoye makonni kafin ya bayyana, kuma ko da yake mafi yawan mutane sukan warke da kansu, yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar idan ya same ta a watannin ƙarshe na ciki. Da sunan ya fito, sai aiki ya sake alƙibla: aka shiga sa sinadarin kulorin cikin ruwa, ana wanke biduna, ana raba sabulu, ana gyara salanga, ana neman mata masu ciki a sansanoni tun kafin ciwo ya kayar da su. Ashe ɗakin gwaje-gwaje shi ya nuna wa masu aikin ruwa inda za su sa ƙarfinsu. In da ba a sami sunan ba, da an iya kashe dukiya mai yawa bisa sauro, matan kuwa suna ci gaba da shan ajalinsu a bakin randa. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji masu iya magana, kuma duhun nan na wata uku da rayuka aka biya shi.

Wa ya biya kuɗin fitilar?

Cibiyar da ta kunna fitilar ba ranar aka gina ta ba. Asalinta wani ƙaramin ɗakin bincike ne da likita Émile Marchoux ya buɗe a Saint-Louis ta Senegal a shekarar 1896, aka maido shi Dakar daga baya, ya zama Cibiyar Pasteur a 1924. A can aka ware ƙwayar zazzaɓin shawara a 1927, kuma tun shekarun 1930 take sarrafa allurar rigakafinsa. Babu amfanin ɓoye cewa mulkin mallaka ne ya kafa ta, kuma bukatun sojansa da fataucinsa suna cikin dalilan kafa ta. Amma tun 2009 ta koma gidauniya ƙarƙashin dokar Senegal, wadda aka amince tana aiki ne don amfanin jama'a, kuma ƙasashen yankin suna aika mata gwaji idan annoba ta rikitar da su. A Yamai ma akwai cibiyar CERMES, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 domin binciken sanƙarau da tsargiya, ta koma hannun gwamnatin Nijar a 2002, kuma masananta sun ɗauki nauyin gwaje-gwaje da nazarin annobar Difa.

A nan akwai abin lura ta fuskar ɗa'a. Waɗanda suka sa kuɗi aka horar da masanan Dakar da na Yamai, aka sayi na'urori, aka biya albashi shekara da shekaru lokacin da babu annoba, ba su san matan Difa ba, kuma matan Difa ba za su taɓa sanin su ba. Kyauta ce da babu fuska tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, babu godiya, babu maroƙin da zai kirari mai ita. Al'adar Musulmi ta san irin wannan kyauta da sunan waƙafi. Tarihi ya adana yadda Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a ita, kowa ya sha ba da kuɗi ba. Hikimar waƙafi ita ce a tsare asalin dukiya a bar amfaninta yana gudana zuwa ga waɗanda ba a haifa ba tukuna. Gidauniyar bincike, idan ta tsaya bisa gaskiya, ƴar wannan gida ce, domin ilmin da aka samu ba ya ƙarewa don an sha daga gare shi.

Haƙƙin na yau da haƙƙin na gobe

Duk da haka, mai ja da wannan magana yana da sauran hujja. Zai ce: majinyacin yau yana da suna da dangi, ana jin nishinsa, wanda bincike zai ceta kuwa lissafi ne kawai a takarda. Shin ya halatta a bar tabbas a kama wataƙila? Kuma ai bincike da yawa yakan ƙare babu abin da aka samu.

Gaskiya ne yawancin gwaje-gwaje ba sa haifar da magani. Sai dai manomin tattasai na bakin Kumadugu ya san cewa ba kowane iri da aka yafa a lambu yake tsirowa ba, kuma wannan bai sa ya cinye irinsa ba, ko a shekarar yunwa. Labarin sanƙarau ya nuna abin da iri guda yake iya bayarwa idan ya kama. A annobar 1996 zuwa 1997, mutum fiye da 250,000 suka kamu a ƙasashen da ke kudu da Sahara, kimanin 25,000 suka mutu, kuma ƙasar Hausa ta ɗanɗana kuɗarta. A 2001 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da dalar Amurka miliyan 70 ga Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH domin a samo allurar da za ta kawar da nau'in A na wannan cuta. Shekara tara ana aiki babu yaro guda da kuɗin ya yi wa magani. A watan Disamba na 2010 aka fara yin allurar MenAfriVac ga jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma daga nan mutum fiye da miliyan 300 suka same ta, har ya zamana tun 2017 ba a sake tabbatar da nau'in A a ƙasashen da aka yi ta ba. Yaran da aka ce lissafi ne a takarda a 2001 su ne samari da ƴan matan da ke zaune cikin azuzuwa a yau da jinsu da ganinsu.

Ke nan nisan lokaci ba ya rage darajar rai, kamar yadda nisan wuri ba ya rage ta. Abin da hujjar mai ja ta tabbatar shi ne cewa bai halatta a ɗebe daga abincin majinyacin yau a ba bincike ba, kuma duk binciken da ya shigo gari wajibi ne ya kula da waɗanda ya tarar a kwance. Ba ta tabbatar da cewa a rufe ɗakin gwaje-gwaje ba.

Sharuɗɗa uku

Amma kuɗin bincike ba ya zama alheri don kawai an kira shi gidauniya. Akwai sharuɗɗa uku da tarihin yankin nan ya koyar, kowanne da misalinsa.

Na farko, wa ya zaɓi tambayar da za a bincika? Tun 1990 wani kwamitin duniya kan binciken lafiya ya nuna cewa ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin binciken duniya yake zuwa ga cututtukan da suka fi kashe talakawa, abin da aka riƙa kira daga baya giɓin 10 da 90. Mai kuɗi yakan bi tambayar da ta dame shi. Abin da ya bambanta aikin MenAfriVac shi ne an fara da sauraron jami'an lafiya na Afirka, cikinsu har da na Nijar, suka ce allurar da ta fi ƙarfin aljihunsu ba ta da amfani gare su. Sai aka ɗaure aikin da sharaɗin kada farashin allura guda ya wuce rabin dalar Amurka, kuma kamfanin Serum Institute na Indiya ya karɓi aikin bisa wannan sharaɗi. Haka ma gwajin da cibiyar Epicentre ta ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi a Madarunfa, jahar Maraɗi, kan jarirai fiye da 3,500: tambayar daga zafin ƙasar ta fito, wato ko za a sami rigakafin gudawar yara mai jure zafi inda babu firji. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna maganin yana hana kimanin kashi biyu bisa uku na gudawa mai tsanani da ƙwayar rota take haddasawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma binciken da ya tambaye shi ya fi saurin toshe ɓarakar.

Na biyu, yardar wanda za a yi gwaji a jikinsa. Cikin annobar 1996 ɗin nan, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya shafi yara 200. Yara 11 suka mutu, wasu suka naƙasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi yana cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ɓarnar ba ta tsaya ga waɗannan gidaje ba. Lokacin da wasu jihohin arewacin Nijeriya suka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suke ambatawa, kuma cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Amana ita ce jarin bincike na farko, in ta zube kuwa babu gidauniyar da ke da kuɗin kwashe ta. Wannan sharaɗi ya fi tsanani a sansanin ƴan gudun hijira, inda hannun da yake miƙa takardar neman yarda sau da yawa ɗan'uwan hannun da yake raba hatsi ne. Mai yunwa da wuya ya ce a'a. Dole mai bincike ya tabbatar wa mutum, cikin Barbarci ko Fulatanci ko Hausa, cewa ƙin shiga ba zai rage masa ko mudu guda ba.

Na uku, amfanin ya komo inda aka ɗebi jinin. Lokacin da matan Difa suke mutuwa a 2017, akwai allurar rigakafin ciwon hanta nau'in E mai suna Hecolin wadda ƙasar Sin ta amince da ita shekaru biyar kafin nan, amma ba a yi amfani da ita a Difa ba, domin a lokacin ba a taɓa gwada ta cikin annoba ba, kuma bayanin da ake da shi game da masu ciki kaɗan ne. Sai a 2022 aka fara yin ta ga jama'a cikin annoba, a sansanin Bentiu na Sudan ta Kudu, har da mata masu juna biyu. Shekarun da ke tsakani suna nuna cewa giɓin yana nan ne daidai inda masu kuɗi ba su ga riba ba, kuma cike irin wannan giɓi shi ne ainihin dalilin wanzuwar gidauniya.

Iyakar ilmi

Tumur tana da wani darasi mai ɗaci. A watan Nuwamba na 2018, ƴan bindiga suka afka wa ma'aikatan kamfanin Foraco da suke haƙa rijiyoyin burtsatse a garin domin samar wa ƴan gudun hijira ruwan sha, suka kashe mutum 8. A daren 12 ga Disamba na 2020, jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi, aka sake kai wa garin hari, aka kashe aƙalla mutum 27, aka ƙone kasuwa da ɗaruruwan gidaje. Masana sun riga sun faɗi abin da ake bukata tun 2017, wato ruwa mai tsabta, amma waɗanda suka zo haƙa shi an kashe su. Ilmi yana nuna hanya, sai dai ba ya tsare matafiyi. Duk wanda ya yi wa jama'a alkawarin cewa bincike kaɗai zai kawo lafiya, ba tare da zaman lafiya da hanya da ma'aikacin jinya mai albashi ba, ya faɗi abin da ya wuce gaskiya. Jin daɗin jama'a murhu ne mai duwatsu uku: sani, da dukiyar aiwatar da shi, da amincin da zai bar a aiwatar.

Dalilin gidauniya ta yanki

Annobar 2017 ba ta nemi takardar ƙetare iyaka ba. Ta bayyana a Am Timan ta Cadi a 2016, ta bayyana a Difa farkon 2017, ta bayyana a Ngala ta jihar Borno tsakiyar wannan shekara. Kumadugu iyaka ce ga hukumomin Nijar da Nijeriya, amma ga masunta da makiyaya da masu tattasai mashaya ce guda, kuma dangi ne a gaɓar nan da waccan. Cutar da take yawo a ƙasa uku ba za a gane ta da idon ƙasa ɗaya ba. Bugu da ƙari, Difa tana da nisan fiye da kilomita 1,300 daga Yamai, balle Dakar. Kowace rana da kwalbar jini ta kwana a hanya, rana ce da likita yake magani bisa zato.

Akwai kuma maganar dogaro. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cikin 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, kuma a taron Bamako na 2008 aka jaddada kiran ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin lafiya domin bincike. Ƙasashe ƙalilan suka cika. Da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta USAID a 2025, ayyukan lafiya da dama a nahiyar suka tsaya cikin ƴan makonni, aka ga zahirin abin da ake nufi da kwana da tabarmar aro. Yankin tafkin Cadi yana da attajirai, yana da ƴan kasuwar kifi da tattasai da dabbobi, yana da al'adar zakka da waƙafi, yana da jami'o'i a Difa da Maiduguri da Njamena. Masu hannu da shuni sun saba gina masallaci da haƙa rijiya, kuma ladansu yana nan. Abin da ya rage shi ne a fahimci cewa biya wa ɗiyar Tumur karatun ilmin ƙwayoyin cuta, ko sayen na'urar gwaji a ajiye ta a Difa tare da kuɗin kula da ita, sadaka ce mai gudana daidai da waɗancan. Gidauniyar da ƴan yanki suka sa kuɗinsu a ciki ita ce za su iya tuhuma, su tambaye ta abin da ta bincika da dalilin da ya sa.

Rabon malamai da ƙungiyoyi

Malamin makaranta da ɗan ƙungiyar raya al'adu ba su da na'ura, amma suna riƙe da harshe, kuma ta harshe ake neman yarda, ta harshe sakamako yake komawa gida. Aikinsu ne su samar da kalmomin da za su raba shawarar sauro da shawarar ruwa, domin mai ciki ta san cewa ɗorawar ido dalilin zuwa asibiti ne a ranar, ba bayan an gama jiƙe-jiƙe ba. Aikinsu ne kuma su koya wa jama'a tambayoyin da ya kamata a yi wa duk baƙon da ya zo da kwalba da takarda: me ake nema, wa ya ba da izni, wa ya biya, me zai faru ga wanda ya ƙi, kuma yaushe za a dawo a faɗi abin da aka gano. Mai bincike na gari zai yi murna da waɗannan tambayoyi, wanda ya ji haushinsu kuwa ya bayyana kansa.

Saboda haka amsar tambayar farko ita ce Tumur tana da haƙƙin rijiya, tana kuma da haƙƙin sanin abin da ke cikin ruwan rijiyar. Binciken lafiya yana zama haƙƙin talaka idan daga yoyon ɗakinsa aka ɗauko tambayar, aka nemi yardarsa cikin harshensa, aka kuma maido masa amsar a farashin da zai iya. Gidauniyar da ta cika waɗannan ta cancanci addu'ar jama'a da gudummawarsu. Wadda ta gaza cika su kuwa ta ci bashin jinin da ta ɗiba, kuma jama'ar da ta san haƙƙinta tana da ikon ta bi ta bashin.